Bargon da muka lulluɓa wa gidanmu a Rijaina

A watan Agustan 2021 muka karɓi makullin gidan. Ƙaramin gida ne na katako, hawa ɗaya da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, a wata tsohuwar unguwa ta Rijaina, babban birnin lardin Saskacewan a ƙasar Kanada. An gina shi 'yan shekaru bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Araha ce ta kai mu gare shi. Mun shekara shida muna haya, yara uku sun fara tasawa, kuma shi ne gidan da aljihunmu ya iya ɗauka. Ranar da muka je dubawa ana zafi, ciyawa kore shar, tagogi a buɗe, iska tana kaɗa labule. Ba mu san cewa a ƙasar nan sai sanyi ya zo ake sanin halin gida ba.

A makon ƙarshe na Disamba ma'auni ya sauka ya wuce digiri 30 ƙasa da sifili, ya zauna a can kwana da kwanaki. Injin ɗumama gida, wanda a nan muke kira fanes, bai huta ba. Ya tashi ya yi ta huci, da ƙyar zai tsaya ya sake tashi. Duk da haka safa bibbiyu muke sawa a falo. Ƙanƙara ta kama gilashin taga ta ciki, har autata tana zane a kai da farce. In ka kai hannu kusa da soket ɗin bango, sai ka ji iska tana fitowa siririya kamar ana busa ta da tsinke. A waje kuwa sandunan ƙanƙara ne suke reto daga bakin rufi, wasu sun kai tsawon yaro. Yara suna murna da su, ni ma na ɗauka adon hunturu ne. Sai takardar kuɗin gas ta Janairu ta iso, muka zauna ni da maigida muna kallonta, babu mai cewa uffan.

Shi ya fara magana. "Maman yara, fanes ɗin nan ya tsufa. A sayo babba, a canza tagogi gaba ɗaya, mu huta." Har wani mai tallar tagogi ya zo ya auna, ya ba mu farashin da ya kai kuɗin ƙaramar mota. Da muna da kuɗin a lokacin da mun biya, kuma da mun yi asara babba.

A gidan kula da tsofaffi nake aiki. Cikin waɗanda nake kulawa da su akwai wani dattijo, tsohon kafinta ne. Na nuna masa hoton sandunan ƙanƙarar nan a waya don ya yi nishaɗi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce mini kuɗinmu ne yake rataye a wurin. Ya bayyana mini a hankali: ɗumin da muke saye yana tsere wa ta silin, ya ɗumama rufi ta ƙasa, dusar ƙanƙarar da ke kai ta narke, ruwan ya gangaro zuwa bakin rufi inda babu ɗumi, ya sake daskarewa. In abin ya taru sai ya zama madatsa, ruwan da ke biyowa baya ya rasa hanya, ya koma ƙarƙashin rufi ya shiga bango. Ya ce gidan da yake riƙe ɗuminsa, dusar ƙanƙara kwanciya take yi a kansa lafiya lau har ƙarshen sanyi. Tun daga ranar, in ina tuƙi zuwa aiki rufin mutane nake kallo.

Shi ne kuma ya ce kada mu sayi ko ƙusa sai an zo an auna gidan. A watan Mayun 2021 gwamnatin tarayya ta buɗe wani shirin tallafin gyaran gidaje: har dalar Kanada 5,000 a kan aikin, da har dala 600 na kuɗin bincike. Sharaɗinsa shi ne mai bincike mai rajista ya zo ya auna gidan kafin a taɓa komai, ya sake dawowa bayan an gama. Kai za ka fara biya, sannan a mayar maka. Na cike takardun ta intanet a daren wata Lahadi, muka sami rana a watan Maris.

Mace ce ta zo, da akwatuna biyu da tsani. Ta zaga gidan da tef, ta ƙirga tagogi, ta sauka ƙasa ta duba fanes da tankin ruwan zafi, ta leƙa saman silin da tocila. Abin da ta fara nema a can shi ne wani ma'adini mai sheƙi kamar tsakuwa, bamikulayit, da aka zuba wa tsofaffin gidaje da yawa. Mafi yawansa daga wata mahaƙa yake a garin Libby na jihar Montana a Amurka, kuma yana gauraye da asbestos mai lalata huhu. In shi ne, ba a taɓa shi sai ƙwararru. Allah ya taimake mu, namu ɓawon katako ne irin wanda ke taruwa ƙarƙashin bencin kafinta, kaurinsa bai wuce tsawon yatsa ba. Shi ke nan abin da ke tsakaninmu da sanyin Saskacewan.

Daga nan ta ce a rufe duk tagogi, a kashe fanes. Ta buɗe ƙofar gaba, ta kafa wani jan kyalle mai firam ya cike ƙofar, a tsakiyarsa babbar fanka. Fankar tana zuƙe iskar cikin gida tana fitarwa waje har bambancin matsin iska tsakanin ciki da waje ya kai faskal 50, kwatankwacin iska mai gudun kilomita 30 da 'yan kai a awa tana bugun gidan ta kowane ɓangare a lokaci guda. Duk iskar da fanka ta fitar, dole wata ta shigo ta maye gurbinta, kuma ta kafofin da ke jikin gidan za ta shigo. Ta ce in biyo ta.

Ban taɓa mantawa da wannan zagayen ba. Gidan gaba ɗaya ya kama fito. Ta miƙa mini wani ɗan abu mai fitar da hayaƙi, na riƙa kai shi inda ta nuna. Murfin hawa saman silin, hayaƙi ya kwanta. Gefen fitilun silin, haka. Inda bututun banɗaki ya huda silin ya fita, ramin da aka yanka masa ya ninka bututun faɗi. Gefen bututun hayaƙi kuwa hannuna yana shiga. A ɗakin ƙasa, inda katakon gida ya zauna a kan siminti, iska tana shigowa ta ko'ina har tana kaɗa yanar gizo-gizo. Tagogin da muke zargi suna yoyo, amma ba su ne manyan ɓarayin ba. Ta kunna kyamarar da ke ganin zafi ta haska bango: ƙasansa ruwan ɗorawa, samansa shuɗi, domin ɓawon katakon da aka cusa a ciki ya zauna tsawon shekaru ya bar saman bangon fanko.

Lissafin ya nuna cewa a wannan matsi, iskar gidanmu tana canzawa gaba ɗaya fiye da sau 9 a awa. Ta ce iska mai ɗumi sama take yi, ta fice ta kafofin silin, kuma ficewarta ce take janyo mai sanyi ta ƙasa, don haka gidan kansa ya zama bututun hayaƙi. Sanyin da muke ji a ƙafa, daga silin matsalarsa take. Ta tambaye ni yadda nake ajiye abinci da zafi in maigida zai dawo da dare: a kan wuta nake barinsa, ko kuwa? Na ce a kula nake zubawa. Ta ce to gidan ma kula za mu mayar da shi, babban fanes ƙarin wuta ne kawai a ƙarƙashin tukunya marar murfi.

Ita ce ta ba mu labarin wani gida a arewa maso yammacin garin nan namu, wanda masana gini a duniya suka sani amma mu mazauna garin ba mu sani ba. Bayan tashin farashin mai na 1973, gwamnatin lardin ta sa a gina gidan gwaji mai amfani da hasken rana. Injiniyoyin da aka tara, cikinsu har da Harold Orr, suka ga cewa ranar hunturun nan ba za ta iya ɗumama gida mai yoyo ba, sai an fara rage ɗumin da gidan yake buƙata. Aka gama shi a 1977. Bangonsa R-40, silin R-60, wato ma'aunin yadda abu yake tare zafi, in lambar ta hau tarewar ta ƙaru. An toshe shi har iskarsa tana canzawa sau 0.8 kacal a awa a irin gwajin da aka yi mana, aka sa masa na'urar musayar iska, ba a sa fanes ba sam. Na'urorin tara zafin rana masu tsada da aka ɗora masa ba su ɗore ba, daga baya cire su aka yi. Kaurin bango da toshe kafofi su ne suka yi aikin. Daga wannan darasi aka fitar da ƙa'idar Kanada ta gina gidaje masu riƙe ɗumi, mai suna R-2000, a 1982, kuma su Wolfgang Feist da suka gina gidansu na farko marar buƙatar ɗumi mai yawa a Darmstadt ta Jamus a 1991 sun amfana da shi. Nasu ma'aunin sau 0.6 ne. Wata Asabar muka bi ta layin a mota a hankali. Gida ne kamar kowane gida, mutane suna zaune a ciki.

Da rahoton ya iso, jerin ayyukan ya zo a juye da abin da muka yi niyya. Toshe kafofi a farko, sai silin, sai ɗakin ƙasa, sai bango. Tagogi can ƙasa.

A daren na kira Baba a Zariya. A gidan ƙasa muka tashi, soron kakanmu mai rufin azara, bangonsa ya fi kamu biyu, tagoginsa 'yan ƙanana a sama. Da bazara in ka shiga kamar an zuba maka ruwan randa, da hunturu kuma ɗumi. Na ba shi labarin fankar. Ya yi dariya ya ce, "Uwata, ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu da muke yaɓe duk shekara kafin damina, hauka muke yi?" Sannan ya tambaye ni me ya hana mutanen nan gini da ƙasa. Na kwana ina juya tambayar. Bangon ƙasa ajiya yake yi: ya sha zafin rana da yini, ya sake shi da dare, gari ya waye ya sake sha. Amfaninsa yana ga inda zafi da sanyi suke karɓa-karɓa kullum. A nan kuwa daga Nuwamba zuwa Maris babu yinin da zai cika masa ajiyar, sai ya zama dutse mai sanyi kawai. Abin da ke tare irin wannan sanyi iska ce da aka kulle ta hana motsi, kamar a cikin auduga ko bargo. Shi ya sa nake kiran abin da ake cusawa a bango da silin bargon gida. Dabarar ta bambanta, amma hankalin ɗaya ne da na maginan soro: gini ya yi aikin da kansa kafin a nemi wuta. Na tuna gidajen bulo da kwano da muka koma yi a gida, tanda da rana, firji da asuba.

Saura kuɗi. A watan Yunin 2022 aka ƙara wa shirin rance marar ruwa, har dala 40,000, a biya cikin shekara 10. Kalmar nan "marar ruwa" ita ta kwantar mana da hankali, domin mun yi ta gudun bashin banki. Ba mu ɗauki ko rabin adadin ba. Sai dai rancen ba ya shafar aikin da aka riga aka fara, don haka muka riƙe manyan ayyukan har aka amince. Ƙananan kuwa da hannunmu muka yi, kuma su ne mafi araha a duk tafiyar: bindigar danƙo, gwangwanayen kumfa, robar manna wa ƙofa, 'yan soso na bayan soket. Ranar da ake iska nakan kunna turaren tsinke in bi gindin bango da shi, inda hayaƙi ya karkata in sa alama da fensir, maigida ya biyo ni yana toshewa.

Ɗan kwangilar farko da ya zo kan silin ya ce a rana ɗaya zai gama, zai busa sabon bargo a kan tsohon kawai. Na tambaye shi ramukan fa? Ya ce bargon zai rufe su. Ba gaskiya ba ne, kuma na riga na gani da idona. Bargo yana tare zafi amma iska tana ratsa shi, kuma iskar gida tana ɗauke da tururi. In ta hau ta tarar da katakon rufi mai sanyi, sai ta zama farar ƙanƙara a jikinsa, ranar da gari ya sassauta ta narke ta jiƙa komai. Muka sallame shi. Na biyu ya fi tsada, amma ya zuƙe tsohon ɓawon katakon gaba ɗaya, ya bi kowane rami ya toshe, ya sa wasu faranti a bakin rufi don iskar waje ta ci gaba da ratsa saman bargon tana busar da shi. Sannan ya busa sabon: tsofaffin jaridu ne da aka niƙa aka gauraya da sinadarin boraks don kada wuta ko ƙwari su kama. Kaurinsa ya haura santimita 40, ya kai R-60. Bango kuma ta waje suka huda shi ƙananan ramuka tsakanin kowane katako biyu, suka cusa irin wannan niƙaƙƙiyar jaridar da ƙarfi, suka toshe. Bangon siriri ne, ba zai ɗauki fiye da R-12 ko 13 ba. Akwai hanyar da Orr da abokin aikinsa Rob Dumont suka gwada a garin Saskatun na lardin nan a 1982, inda suka yanke bakin rufin wani gida da zarto suka naɗe shi gaba ɗaya ta waje da leda da sabon bargo mai kauri. Ta fi kyau nesa ba kusa ba, amma ta fi ƙarfinmu.

Ɗakin ƙasa bai ba mu wahala sosai ba, sai dai ƙasar Rijaina yumɓu ce mai kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke in ta bushe, tana tsattsaga simintin gidaje. Sai da muka gyara tsaga biyu, muka tsawaita indararo ya riƙa zubar da ruwa nesa da gindin gida, sannan aka manna allunan kumfa a bangon aka rufe.

Akwai gargaɗin da mai binciken ta ja masa layi biyu a rahotonta. Tsohon fanes ɗinmu da tankin ruwan zafi iskar cikin gida suke ci, hayaƙinsu kuma da kansa yake hawa bututu. In gida ya toshu, fankar banɗaki ko injin busar da kaya za su iya janyo hayaƙin ya dawo ciki. Iskar kabon monoksayid ce, ba ta da wari ba ta da launi. Ni ba sai an yi mini dogon bayani ba. Duk wanda ya tashi a arewa ya ji labarin waɗanda suka shiga ɗaki da kaskon gawayi a daren hunturu, suka rufe ƙofa, ba su farka ba. Muka canza fanes zuwa irin wanda yake shaƙo iskarsa daga waje ta bututun roba ya kuma mayar da hayaƙinsa waje, mai cin moriyar kashi 95 cikin 100 na gas ɗin da ya ƙona. Tankin ruwa muka mayar na lantarki, aka toshe tsohon bututun hayaƙi, muka sa ƙararrawar gano iskar a kowane hawa. Wannan ba ya cikin tallafi, kwasar adashina ce ta biya. Sabon fanes ɗin ya fi tsohon ƙanƙanta, domin an auna shi da gidan da aka gyara. Da mun saya tun farko, da babba muka saya, mu biya kuɗin ƙarfin da ba mu buƙata.

Kuskurenmu ya fito a Disambar 2022. Rahoton ya ce in gida ya toshu a sa na'urar musayar iska. Kuɗi sun ƙare, na ce a bari sai baɗi. Gida ya yi ɗumi, mun cire safa, amma kullum da asuba ruwa ne yake bin gilashi yana taruwa a gindin taga. Mutum biyar suna numfashi, ga wanka, ga alwala, ga shanya a ɗakin ƙasa, ga girkinmu da ba ya yiwuwa sai da tururi: tuwo, dahuwar wake, farfesun da ke kwana rabin yini a wuta. A da yoyon gidan ne yake kwashe wannan danshi ba mu sani ba. Na sayi ɗan ma'aunin danshi, ya nuna kusan kashi 60, alhali in waje ya kai 30 ƙasa da sifili ana so ciki ya tsaya wajen kashi 25. Wata rana na janye durowar ɗakin yara na ga baƙar funfuna ta kama kusurwar bango. Ɗana na tsakiya yana da asma. Jikina ya yi sanyi. A makon muka kira mai sa na'urar, muka roƙi a raba mana biyan kashi uku.

Akwati ce kamar ƙaramar jakar tafiya, a rataye a ɗakin ƙasa. Fanka ɗaya tana zuƙo gurɓatacciyar iska daga banɗaki da kusa da kicin ta fitar, ɗaya tana shigo da sabuwa. Suna wucewa ta tsakanin siraran faranti, ba sa gauraya, amma mai fita tana bar wa mai shigowa mafi yawan ɗuminta, wajen kashi 70 cikin 100. Cikin kwana huɗu gilasai suka bushe. Muka kuma gano cewa fankar saman murhu ba waje take kai tururi ba, juya shi kawai take yi a kicin, aka huda mata hanya. Yanzu ba na ɗora tukunya babu murfi. Duk wata biyu zuwa uku nakan ciro matatun na'urar in wanke, in an yi dusar ƙanƙara mai yawa kuma in leƙa waje in ga bakin bututunta bai toshe ba. In za a tambaye ni, toshe gida da ba shi hanyar numfashi aiki ɗaya ne, kada wanda ya raba su don tsimi kamar yadda na yi.

Tagogi uku kacal muka canza, na ɗakunan kwana da na banɗaki, zuwa masu gilashi uku. Sauran leda muke manna musu ta ciki a Oktoba, a bi ta da dirayar gashi ta miƙe tas kamar gilashi. Babbar tagar falo tana kallon kudu, kuma ita ce kyautar da maginin gidan ya bar mana. A ƙarshen Disamba ranar tsaka a nan ba ta wuce digiri 16 daga ƙasa, sai haskenta ya shigo a kwance har tsakiyar falo. In gari ya yi garau, fanes yakan yi shiru daga hantsi zuwa La'asar. Da Magariba mu ja labule mai kauri. A Yuni kuwa rana tana hawa digiri 63, bakin rufi ya yi wa tagar inuwa. Maganar faranti masu samar da lantarki daga rana da injin ɗumi na lantarki mun ajiye ta tukuna. Mafi yawan wutar lardin nan daga gas da kwal ake samo ta, kuma a sanyi irin na Janairu injin yana buƙatar mataimaki.

Abu na ƙarshe shawarata ce. Ƙofar baya kai tsaye take buɗewa cikin kicin, yara suna shiga suna fita, kowace buɗewa guguwa ce. Na ce wa maigida, "Baban yara, zaure za ka yi mana." Ya nemi izinin gini daga hukumar birni, ya kira abokansa aikin gayya Asabar biyu, ni da matansu muka yi waina da miyar taushe. Ɗan ɗaki ne mai ƙofa biyu, ba a ɗumama shi, ka shigo ka rufe ta waje kafin ka buɗe ta ciki. Takalma da rigunan sanyi a nan suke tsayawa. Mutanen nan suna da nasu sunan da suke kiransa, mu a gidanmu zaure ne.

Mai binciken ta dawo da jan kyallenta. Wannan karon gidan bai yi fito ba, lambar ta sauko ƙasa da sau 4. Bai kama ƙafar gidan 1977 ba, amma gas ɗin da muka ƙona a hunturun da ya biyo bai kai rabin na shekarar farko ba, kuma abin da ya ragu yana ɗaukar wani kaso mai kyau na biyan rancen. Ta bar mana shawara guda: mu auna radon, iskar da ke fitowa daga ƙasa ta taru a gidaje, wadda ita ce ta biyu bayan taba wajen jawo kansar huhu, kuma lardin nan yana cikin inda ta fi yawa a Kanada. Ɗan gwangwani ne ake ajiyewa a hawa mafi ƙasa da ake zama a cikinsa na wata uku da sanyi, a aika shi ɗakin gwaji. Iyakar da hukumar lafiya ta sa bekarel 200 ne a kowace kubik mita. Namu ya fito ƙasa da haka, alhamdu lillahi.

Abin da yake damuna har yanzu shi ne waɗanda ba su da damar da muka samu. Mu mun mallaki gidan, shi ya sa muka cancanci tallafi, kuma shirin tallafin ya daina karɓar sababbin masu nema tun farkon 2024. Yawancin 'yan'uwanmu da ke isowa haya suke kamawa a irin waɗannan tsofaffin gidaje saboda kuɗin hayar ya fi sauƙi. Mai gida ne yake da ikon gyara, ɗan haya ne yake biyan gas, don haka babu mai gyarawa. Na shiga gidan wata baiwar Allah mai jego na tarar ta kunna murhun girki ta buɗe tandarsa don ɗaki ya yi ɗumi. Na zauna na yi mata bayanin haɗarin, washegari na kai mata ƙararrawa da ledar taga. In ana maganar gina wa masu ƙaramin ƙarfi gidaje, kuɗin gini kawai ake lissafawa, a manta da wanda zai biya kuɗin ɗumi shekara hamsin. Alhali a sabon gini abin ya fi sauƙi nesa: gida madaidaici marar yawan kusurwoyi, bango mai kauri tun daga zane, ledar tare tururi a manne ta ciki kafin a rufe bango, manyan tagogi kudu, ƙanana arewa. Ramin da ya ɗauke mu yini muna rarrafe kafin mu kai gare shi, magini zai toshe shi cikin minti biyu lokacin da bango yake buɗe.

A tsakiyar Janairun 2024 sanyi mai tsanani ya sake saukowa, irin na shekararmu ta farko. Maigida ya dawo daga aikin dare bayan Asuba, bai cire rigarsa ba ya leƙo ta zaure ya ce, "Maman yara, sa takalmi ki zo ki gani." Muka tsaya a bakin titi numfashinmu yana daskarewa a gashin ido. Dusar ƙanƙara tana kwance a kan rufin sumul daga tsakiya har baki, babu sandar ƙanƙara ko ɗaya. Na ɗauki hoto na kai wa dattijon nan a wurin aiki. Ya sa tabarau ya duba, ya nuna wata 'yar kusurwa kusa da bututun banɗaki inda dusar ta ɗan lotsa, ya ce in gari ya yi ɗumi mu hau mu sake duba wurin.